Daddawa a Zangon Nima da Maamobi

A gidajen Nima da Maamobi, unguwannin zango na birnin Accra a Ghana, akwai wata gardama da ta girme mu duka, wadda ba ta shafi siyasa ko ƙwallon ƙafa ba. Gardamar daddawa ce. Gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, sai ka tarar da wanda in an ba shi miya babu daddawa zai ture kwanon ya ce ruwan zafi aka zuba wa gishiri, ga kuma ƙaninsa wanda da zarar an buɗe gwangwanin da ake ajiye ta zai toshe hanci ya fice waje. Amarya takan tare a gidan miji ta tarar uwar mijin ba ta ɗora tukunya sai da ita, alhali ita a gidansu ko kwana ba a bari ta yi a madafa. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya ce shi duk ɗaya ne a wurinsa ba.

Ni ina da ɓangare, ba kuma zan ɓoye ba. Jikar mai daddawa ce ni. Da cinikinta aka ɗinka mini rigar makarantar boko, da shi aka riƙa biyan kuɗin Laraba a makarantar allo. Amma daɗewar da na yi ina sauraron wannan gardama ta nuna mini masu ƙin daddawa iri biyu ne. Akwai wanda harshensa da hancinsa ne ba su karɓe ta ba. Wannan halitta ce, babu mai ganin laifinsa. Akwai kuma wanda kunya ce ta raba shi da ita: ya tashi ya ji ana cewa warin talauci ce, warin 'yan arewa, har ya gaskata. Wannan na biyun yana da tarihi, kuma da tarihin zango yake tafe.

Ɗorawa, wadda daga 'ya'yanta ake yin daddawa, ba itaciyar bakin teku ba ce. Ƙasarta ita ce wadda ke tsakanin sahara da kurmi, tun daga Senegal har Sudan, inda take tsayawa a tsakiyar gona da faffaɗar inuwa, manomi ya yi sassabe ya ƙone komai amma ya kewaye ta. Da rani take fitar da jajayen furanninta masu reto, kafin ruwan farko ya sauka 'ya'yan sun nuna, dogwaye, a tsinko su da gora mai ƙugiya. Babu abin yarwa a jikinsu. Garin nan rawaya mai zaƙi yara su sha, a dama shi a kunu lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ɓawon a jiƙa shi a sami makuba ta daɓen ɗaki. Ƙwayar kuwa, wato kalwa, baƙa mai taurin da haƙori ba ya iya mata komai, ita ce uwar daddawa.

Turawan da suka ratsa ƙasar Hausa tun kafin mulkinsu sun gan ta a kasuwa, sun kuma rubuta. Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano da Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ba da labarin yadda ake sarrafa ƙwayar a yi ta curi-curi don miya. A 1826 wani masanin tsirrai, Robert Brown, ya raɗa wa dangin itaciyar sunan Parkia don tunawa da Mungo Park, sunan da littattafan kimiyya ke kiran ɗorawa da shi har yau. Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, shi ma ya ambaci daddawa cikin abin da ya ga ana sayarwa. Su baƙi ne suka tarar da abin da ya daɗe da zama gari.

Kada kuma Bahaushe ya ce shi ya koya wa kowa. Yarabawa suna da iru, mutanen Mali da Burkina suna da sumbala, a Senegal netetu suke cewa, Dagombawa kuwa kpalgu. Kowa da hannunsa: namu a kirɓa a yi shi faifai-faifai baƙi ƙirin, na arewacin Ghana a mulmula shi dunƙule, sau da yawa da ƙwayar a bayyane. Abin da Bahaushe ya yi shi ne kai ta kasuwa nesa da inda itaciyar take, shi ya sa a kudancin Ghana kowane yare dawadawa yake ce mata.

Hanyar da ta biyo ita ce hanyar goro. Fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, su ƙetare Kwara, su bi ta Borgu da ƙasar Dagomba, su yi watanni kafin su sauka Salaga ta ƙasar Gwanja, inda goron Ashanti ke jiransu. Suna kai kanwa da tufafi da kayan fata, su juyo da goro. Ayari ba ya tafiya babu mata masu girki, kuma abin da za a yi guzuri da shi dole ya zama mai jure rana da daɗewa: kuka, busasshiyar kuɓewa, barkono, gabu, daddawa. Nama yakan samu yakan ɓace. Curin daddawa guda kuwa zai ɗauki tukunya da yawa, bai damu da zafi ba, bai yi wa jaki nauyi ba. Duk inda ayari ya yada zango, ƙamshin da ke fara tashi daga murhu ke nan.

Sai al'amura suka juya. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Ashanti a kan hanyar arewa ya yi rauni, kasuwar Salaga ta fara ja da baya. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salagar kanta, baƙi suka watse, wasu Yeji, wasu Kete Karachi, wasu Kumasi, wasu suka gangara har bakin ruwa. Goro ma ya sauya hanya, ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, hanyar da Alhasan Ɗantata ya yi fatauci a kanta a farkon ƙarni na 20. Ankara, wato Accra, wadda ta zama hedikwatar Turawa a 1877, ta riga ta sami zangonta. Malam Idrisu Naino, mutumin Katsina, shi ne jigon Zongo Lane, ɗansa Malam Baƙo kuma ya kafa Sabon Zango. Nima ta zo daga baya. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya sami filin daga hannun iyalan Odoi Kwao na mutanen Ga, lokacin wurin makiyaya ce kawai. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya cika ta da mutane, sojoji da leburori da masu gadi da kuku-kuku da ke aiki a barikoki da gidajen Turawa na Cantonments, waɗanda ba su da wurin kwana a cikin gari. Hausawa, Zabarmawa, Mosawa, Kotokoli, Wangarawa, Dagombawa, Fulani, Yarabawa, kowa da yarensa, Hausa ta haɗa bakinsu. Tukunya ma ta haɗa su, don kusan dukkansu 'ya'yan ƙasar ɗorawa ne.

Kakata ta wajen uwa a Kete Karachi aka haife ta, a gidan da ya gudo daga Salaga. Tana yarinya ta san zamanin Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a can a 1934. Tsohon garin nasu yanzu yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta, tun bayan da aka datse kogin a Akosombo, don haka ba ta da mahaifar da za ta nuna mana. Aure ya kawo ta Ankara, ta sauka Nima lokacin ana iya hango shanu daga ƙofar gida. Abin da ta taho da shi daga gidansu shi ne sana'ar uwarta.

Na ga aikin da idona ina ƙarama, kuma duk wanda ya gan shi ba zai ƙara raina kuɗin daddawa ba. Buhunan kalwa suna zuwa a motar kaya daga Tamale da Yendi da Bawku, su ƙetare ruwa a Yeji. Da la'asar Kaka za ta ɗora rabin tankar ƙarfe a kan duwatsu uku a bayan ɗaki, ta zuba kalwa, ta cika da ruwa, ta tura manyan itatuwa. Wutar nan ba ta mutuwa har gari ya waye. Cikin dare sai ka ji motsinta, ta tashi ta ƙara ruwa, ta gyara itace, ta koma ta kishingiɗa. Da safe kalwar ta kumbura, ruwan ya yi baƙi. A zuba a turmi da ɗan yashi ko toka a surfa, ba da ƙarfi ba, don ɓawon ake so ya saki ba ƙwayar ta farfashe ba. Daga nan sai wanki, wanda shi ne ya fi cin rai. Ruwa bayan ruwa, ana murzawa a kwando ana regewa, a unguwar da famfo ɗaya ke shayar da gidaje da yawa, mu yara mu ne 'yan ɗauko ruwa. Sai a zauna a tsince waɗanda suka ƙi dahuwa ɗaya bayan ɗaya. A sake dafawa, wannan karon ba da daɗewa ba, a tsane, a juye da zafinta a kwandon da aka shimfiɗa wa ganye, a rufe da buhuna da tsofaffin zannuwa, a kai lungun ɗaki, a danne.

Kwana biyu zuwa uku babu mai taɓa kwandon. In ka ɗora hannu a kan buhun za ka ji ɗumi yana fitowa daga ciki, ba wuta ba rana. A daren na biyu wari yake fara zagaya gidan. Ran buɗewa Kaka takan kira ni.

"Kishiya, zo ki gani ko ta yi."

Ta ɗaga buhun, tururi mai yaji ya bugi ido, ƙwayoyin sun yi duhu sun yi laushi, in ta ɗebo da yatsa sai wani yauƙi ya biyo su zare-zare. Ta murza ɗaya tsakanin yatsunta, ta kai hanci, ta ɗan ɗanɗana.

"Ta nuna. Je ki ce wa Mmanki ta fito da turmi."

Masana sun ce wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, Bacillus subtilis, ke wannan aiki a cikin kwando. Ita ke narkar da sinadarin gina jiki da ke cikin kalwa ya zama abin da ciki zai iya karɓa, a nan ne ɗanɗanon yake fitowa, a nan ne kuma iskar ammoniya mai hawa kai take tashi. Warin da daɗin tare ake haifarsu, ba a samun ɗaya a bar ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na busasshiyar daddawa abincin gina jiki ne, ga mai, ga ƙarfen da jini ke buƙata. Kaka ba ta san sunan ƙwayar halittar ba, amma ta san kwandon da aka saba yi a ciki ya fi sabo saurin nuna, ta san sanyin hunturu yana ƙara mata kwana, ta san in gishiri ya shiga kafin lokaci aikin ya lalace. Ba ta yarda mai jego a gidanmu ta yi arba'in babu yajin daddawa a gefen kwanonta ba.

Ƙanin mahaifiyata kuku ne a gidan wani Bature a Cantonments, shi ya fara kawo mana labarin abin da ake kira Marmite. Yakan zo da kwalaben da aka cinye abin cikinsu, baƙaƙe, gajeru masu tumbi, da hoton tukunya a jikin takardar, Kaka tana zuba dakakken yaji a ciki. Wata rana ya kawo wadda ba ta ƙare ba, ya buɗe ya miƙa mata.

"Mma, shinshina ki ji. Su ma Turawa suna da daddawarsu."

Abu ne baƙi mai danƙo, gishiri ya yi masa yawa, suna shafa shi kaɗan-kaɗan a kan burodi da man shanu. Kawu ya ce maigidan ba ya karyawa sai da shi, uwargidan kuwa in an buɗe kwalbar sai ta tashi daga tebur. Shi Kawu bai taɓa kai shi baki ba, don ya ji an ce daga gidan giya asalinsa yake, kuma gaskiya aka gaya masa. A 1902 aka fara yin Marmite a garin Burton na Ingila, garin masu dafa giya, da ragowar yis da ke taruwa bayan an gama dahuwa, wanda a da zubarwa ake yi. Wani masani Bajamushe, Justus von Liebig, shi ya gano tun a ƙarni na 19 cewa ana iya tace wannan yis a kafe shi ya zama abin ci. Da aka gane yana ɗauke da sinadaran bitamin B, sai aka sa shi cikin guzurin sojojin Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A farkon shekarun 1930 wata likita, Lucy Wills, ta yi amfani da shi a Bombay wajen magance ƙarancin jini ga mata masu ciki, binciken da ya kai ga gano sinadarin folik da ake ba matanmu a awon ciki yau. Mutanen Ostareliya ma suka yi nasu, Vegemite, a farkon shekarun 1920.

Abin da ya tsaya mini a rai game da Marmite shi ne yadda masu shi suka ɗauki rabuwar kan da yake jawowa. Ba su ɓoye ba, ba su rage masa ƙarfi don ya yi wa kowa daɗi ba. A 1996 ma kamfanin ya mai da abin talla, yana shelar cewa ko dai ka so shi ko ka ƙi shi. Baturen da ba ya cin Marmite ba ya ganin mai cinsa a matsayin baƙauye. Mu kuwa a Ankara ba haka ta kasance mana ba, don daddawa ta shigo gari ne a kan mutanen da aka riga aka raina. Mai gadi, mai kwasar shara, mai dakon kaya, mai facin takalmi, su ne masu cinta, don haka warinta ya zama warinsu a hancin mutanen gari. Alhali su ma suna da momoni, kifin da ake bari ya ruɓa da gishiri, wanda in ana maganar ƙarfin wari bai bar wa daddawa komai ba. Daddawa ce ke gaya wa manda baƙi. A makarantar da na yi, wata malama ta taɓa tsayar da ni gaban aji ta shinshina rigata, ta tambayi yara ko sun san me ake dafawa a gidanmu. Yaran zango da yawa sun sha irin wannan. Wasunmu sun koma gida sun ce wa iyayensu kada a ƙara sa musu ita a abinci, kuma har suka girma suka yi nasu gidajen ba su waiwaye ta ba.

A daidai wannan gaɓa dunƙulen magi ya same mu. Shi ma tsohon abu ne a ƙasarsu. Julius Maggi, mutumin Suwizalan, ya fara da ruwan ɗanɗano a 1886, dunƙulen ya fito a 1908, kamfanin Nestlé ya haɗe kamfaninsa a 1947. A shekarar 1908 ɗin nan ce kuma wani masani a Japan, Kikunae Ikeda, ya gano gulutamet, sinadarin da ke sa miya ta yi daɗi a baki, wanda daga gare shi aka sami farin magi. Wannan sinadari shi ne a cikin Marmite, shi ne a cikin dunƙule, shi ne kuma ƙwayar halittar nan ke fitarwa daga kalwa a lungun ɗakin Kaka. Abu ɗaya ake nema ta hanya uku. Daga shekarun 1970 dunƙule ya zama ruwan dare a Afirka ta Yamma, har kamfanin Nestlé da kansa ya sha faɗin cewa yana sayar da fiye da miliyan 100 kowace rana a yankin tsakiya da yammacin nahiyar. Bayan Maggi ga Royco, ga Jumbo, ga Onga.

Ba zan zagi matar da ta rungumi dunƙule ba. Tana zaune a ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar, murhunta a bakin ƙofa, maƙwabta a kowane gefe, ta dawo daga kasuwa magariba ta gabato. Ga abu a takarda mai ƙyalli, da ƙaramin canji za ta saya, ba daka ba jiƙo, ba wanda zai yi mata tsaki. Rediyo da allunan talla suna nuna mata cewa wayayyar mace da shi take girki. Ita kanta sana'ar ta riga ta fara gagara a Nima. Filin bayan ɗaki an gina shi an sa 'yan haya, itace ya yi tsada, ruwa sai an saya. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, wadda ta fito ranar 18 ga Nuwamba 1969 ta ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, ta kwashe dubban mutanen zango, cikinsu har da abokan cinikin Kaka da matan da suke aikin tare. Mahaifiyata ta ce a makonnin nan turame da tukwane a bakin hanya aka riƙa sayar da su a wulaƙance. Bayan 'yan shekaru mai gidan da muke haya ya ce hayaƙi da wari sun ishi sauran 'yan haya. Kaka ta kife tankarta, ta koma sarin wadda aka riga aka yi daga arewa tana kasawa a faranti.

Sai 1983 ta zo. Fari, gobarar daji da ta cinye gonaki, ga kuma 'yan Ghana kusan miliyan guda da aka koro daga Nijeriya a farkon shekarar. Kantuna babu komai, kayan gwangwani da na takarda sai wanda ya san wani. A gidanmu tuwon jar masarar agaji ake tuƙawa sau ɗaya a yini, miyar kuwa kuka ce da barkono da gishiri da daddawa, babu nama babu kifi. Na tuna Kaka tana ɓantaro gefen curi, ta daka shi da barkono, ta zuba a ruwan tun kafin ya tafasa don warin ya fita ɗanɗanon ya zauna, sannan ta kaɗa kuka. Matan da suka daina gaishe ta da ciniki shekara da shekaru suka dawo ƙofar ɗakinta da kwano a hannu, wasu da kuɗi wasu babu. Ba ta mai da kowa hannu wofi ba. A wannan shekara daddawa ce naman gidaje da yawa a Nima da Maamobi, kuma yaran da suka rayu a kanta su ne manyan unguwa yau.

Yanzu iska ta fara juyawa. Hawan jini ya yi yawa a cikinmu, likitoci suna ta gargaɗi a kan gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, dunƙule kuwa kusan rabinsa gishiri ne, ga shi ba ɗaya ake jefawa a tukunya ba. Sai ga 'yan boko da ma'aikatan ofis, har da jikokin masu toshe mana hanci, suna neman dawadawa a roba mai tambari, a gari ko a dunƙule, suna dafa shinkafa da ita suna ɗorawa a intanet. Mutane da yawa suna cewa tana saukar da hawan jini. Ni abin da zan tsaya a kai shi ne duk wanda ya sa ta a miya ba ya buƙatar gishiri da dunƙule da yawa, wannan kaɗai riba ce, amma mai ciwo kada ya ajiye maganin asibiti saboda ita. Kamfanoni ma sun daɗe da gane darajarta: tun a shekarun 1990 Cadbury ta Nijeriya ta fito da dunƙule mai suna Dadawa. Ina murna da wannan farin jini, sai dai yana yi mini ciwo in ga an karɓi daddawa bayan an cire ta daga hannun matan da suka sha zagi a kanta.

Babbar damuwata ma tana can arewa, wurin itaciyar. Ɗorawa takan yi shekara takwas zuwa goma kafin ta fara 'ya'ya, kuma yawancin waɗanda ake tsinka yau ba wanda ya dasa su, gadonsu aka yi. Tarakta ba ta kewaye ƙaramin tsiro yadda mai fartanya ke yi. Masu gawayi suna sara, wutar daji tana cin na ƙasa. A ƙasar Dagomba bisa al'ada 'ya'yan ɗorawa na sarauta ne ko da itaciyar a gonar wani take, abin da ya kare manyan itatuwa tun da can, amma bai ba manomi dalilin rainon sababbi ba. Da kalwa ta yi tsada sai mata suka koma waken suya, wanda ya fi saurin dahuwa, ya fi sauƙin surfe, ba ya cin itace sosai. Daddawar waken suya abinci ce mai kyau, ba ta da laifi in an faɗa wa mai saye ko mece ce, kamar yadda mutanen Maraɗi da Katsina ba sa ɓoye daddawar batso da suke yi da 'ya'yan yakuwa. Laifin yana wurin mai gauraya ta sayar da sunan ta kalwa. Ta kalwa ta fi duhu, ta fi maiƙo in ka murza, ƙamshinta kuma yana zama a miya har a ɗumame.

Ga mai karatu da ke Ankara, kasuwar Nima ranar Laraba take cika, Kasuwar Ƙuda ta Maamobi kuwa kullum tana ci. Ku wuce masu hatsi ku nemi tsofaffin nan da ke zaune bayan faranti, ku ce ta kalwa kuke so, ku tambaye su daga wane gari ta zo, za su faɗa muku. In sun faɗi kuɗi kada ku yi ta ja da su, ku tuna kwanan wuta da ruwan wanki da ke cikin kowane curi. Iyaye mata masu haɗa wa 'ya'yansu gara, ku mayar da ita cikin kayan, ku nuna wa yarinya lokacin da ake sa ta a tukunya. Masu gona a Tamale, Yendi, Wa da Bawku, da 'yan'uwanmu na Katsina da Maraɗi, in kun ga tsiron ɗorawa a gonarku bana ku kafa masa ƙaya ku gaya wa mai tarakta ya kauce masa.